"Ba Ruwana" Ba Tawakkali Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, akwai wata cuta da ta kama mu har muka daina jin zafinta. Idan aka ce an kama ɗan jarida saboda abin da ya rubuta, sai mu ce shi ya ja wa kansa. Idan aka ce za a taɓa kundin tsarin mulki don wani ya zarce, sai mu ce ai duk kanwar ja ce. Idan aka ce masu mulki sun yi fatali da umarnin kotu, sai mu ɗaga kafaɗa, mu ce Allah ya kyauta, mu wuce zuwa bidiyo na gaba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke sa wa wannan halin ko-in-kula rigar addini. Sai ka ji mutum yana kiran sakacinsa tawakkali, yana kiran tsoronsa haƙuri.

Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya hango wannan tun da wuri. Ya tashi ya gaya wa mutane cewa suna karanta ayar nan ta Suratul Ma'ida, aya ta 105, wadda ke cewa ku kula da kanku, wanda ya ɓace ba zai cutar da ku ba idan kun shiryu, amma suna ajiye ta ba a muhallinta ba. Sannan ya ce ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa idan mutane suka ga azzalumi ba su riƙe hannunsa ba, an yi kusa Allah ya game su da uƙuba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. To ka ga, ayar da malalacin zuciya yake fakewa da ita, Siddiƙu da kansa ya toshe wannan ƙofar. Kuma a Suratul Anfal, aya ta 25, Allah ya ce mu ji tsoron fitinar da ba za ta taƙaita ga waɗanda suka yi zalunci kaɗai ba.

Ku zauna ku karanta labarin Fir'auna a natse. Alƙur'ani ya ba mu hanyoyin da ya bi ɗaya bayan ɗaya. A Suratul Ƙasas an ce ya raba mutanen ƙasar ƙungiya-ƙungiya, yana raunana wani ɓangare daga cikinsu. A Suratu Gafir ya ce a bar shi ya kashe Musa, wai yana tsoron kada ya canja musu addini ko ya kawo ɓarna a ƙasa. Wato ya fake da kare addini da tsaron ƙasa. A surar dai ya ce ba ya nuna musu sai abin da shi ya gani, ma'ana ra'ayi ɗaya ne ya halatta. A Suratush Shu'ara ya kira mutanen Musa 'yan tsiraru marasa yawa. Sai Allah ya faɗi sirrin al'amarin gaba ɗaya a Suratuz Zukhruf, aya ta 54: ya raina hankalin mutanensa, su kuma suka bi shi, lalle sun kasance mutane fasiƙai. Ku lura da wanda aka kira fasiƙi a ƙarshen ayar. Mutanen ne, waɗanda aka raina wa hankali suka yarda. Mutum ɗaya ba ya iya danne al'umma shi kaɗai. Yana bukatar mai rubuta masa takarda, da mai ɗaukar masa makami, da mai yi masa kirari, kuma fiye da duka yana bukatar jama'a mai yawa da za ta gani ta kau da kai.

Wani zai ce wannan labarin da ne. To ga na kusa. A Jamus, ba da juyin mulki Hitler ya hau ba. Ranar 30 ga Janairu 1933 aka naɗa shi shugaban gwamnati bisa doka. Ranar 27 ga Fabrairu ginin majalisa ya kama da wuta, washegari aka fitar da dokar ta-ɓaci da ta dakatar da 'yancin magana da na taro da na jarida. Ranar 23 ga Maris 'yan majalisa suka taru a wani zauren wasan kwaikwayo, dakarun jam'iyyarsa sun cika ƙofofi da gefen kujeru suna zare ido, 'yan majalisar kwaminis kuwa an riga an kama wasu, wasu sun ɓuya. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum 444 suka amince a miƙa masa ikon yin doka ba tare da majalisa ba, 94 kacal suka ƙi. Zuwa watan Yuli an haramta duk wata jam'iyya sai tasa. Wata shida bai cika ba. A tsawon lokacin nan kasuwanni na ci, jiragen ƙasa na tafiya, mutane da yawa na ganin wannan rigimar 'yan siyasa ce. Shekara 12 bayan haka biranensu suka zama kufai, miliyoyin rayuka sun salwanta, har da na waɗanda ba su taɓa shiga siyasa ba.

Tunisiya ta fi ba ni tausayi, domin su da jininsu suka sayi 'yancinsu. A Janairun 2011 suka kori shugabansu Ben Ali bayan shekara 23 yana mulki. Shekara goma bayan nan, mutane sun gaji da tsadar rayuwa da cacar bakin 'yan majalisa, kuma gajiyarsu tana da dalili. Ranar 25 ga Yuli 2021 Shugaba Kais Saied ya dakatar da majalisa, jama'a da dama suka fito titi suna murna. A 2022 ya rushe majalisar ƙoli ta alƙalai, ya kori alƙalai 57, ya kawo sabon kundin tsarin mulki da ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa. Zaɓen majalisa na Disambar wannan shekara, wajen kashi 11 cikin 100 ne suka fita; wasu ƙaurace wa zaɓen suka yi da gangan, wasu kuwa sun yanke ƙauna. A Afrilun 2023 aka kama tsohon kakakin majalisar, Rached Ghannouchi, dattijo mai shekara 81. Haushin 'yan siyasa ne ya sa mutane suka saki abin da ke kare su kansu. Mu ma kada mu yi wa kowa kallon nesa: a zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya a 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Ba kuma kullum ake faɗuwa ba. A Fabrairun 2024 Shugaba Macky Sall na Senegal ya ɗage zaɓe ana saura 'yan makonni. Malaman addini da ƙungiyoyi da matasa suka ƙi yarda, kotun tsarin mulki ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, kuma wanda ya ci, Bassirou Diomaye Faye, kwana goma kafin nan yana gidan yari. Alƙalan nan sun tsaya, amma sun tsaya ne da sanin cewa akwai jama'a a farke a bayansu.

Na san akwai masu cewa addini ya umarce mu da biyayya ga shugabanni. Gaskiya ne, a cikin abin da ba saɓon Allah ba, kuma ba na kiran kowa zuwa tarzoma ko ƙone-ƙone ko ɗaukar makami. Wannan fitina ce, talaka ne kuma yake fara ɗanɗana ta. Amma biyayya daban, shiru daban. Ranar da aka yi wa Abubakar mubaya'a cewa ya yi, idan na kyautata ku taimake ni, idan na munana ku miƙar da ni. Muslim ya ruwaito cewa ranar wata Idi Marwan, wanda ke mulkin Madina a lokacin, ya so fara huɗuba kafin salla. Wani mutum, wanda ko sunansa ba a ambata ba, ya miƙe a tsakiyar jama'a ya ce salla ce kafin huɗuba. Marwan ya ce an bar wancan. Sai Abu Sa'id al-Khudri ya ce, wannan kam ya sauke abin da ke kansa, sannan ya karanto hadisin nan da kowa ya haddace, na wanda ya ga abin ƙi ya canja shi da hannunsa, in bai iya ba da harshensa, in bai iya ba da zuciyarsa. Mun haddace hadisin, amma mun manta cewa a gaban mai mulki aka karanta shi. Mu kuwa duk mun ruga zuwa matakin ƙarshe, mafi raunin imani, alhali harshenmu lafiyarsa ƙalau.

Masu cewa dimokuraɗiyya ba tamu ba ce, ku yi muhawararku ta ilimi, ba laifi. Amma ku sani damar da kuke da ita ta yin wannan muhawarar, da hawa mumbari, da buɗe makaranta, da zuwa kotu idan an ƙwace muku haƙƙi, ita ce ake yankewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya rufe bakin ɗan jarida yau, gobe huɗubar liman zai nemi a kawo masa ya duba.

Malamai da dama suna ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida, Allah kuma ya hana ɓoye shaida a Suratul Baƙara, aya ta 283. Wanda ya sayar da ita ya ba da shaidar zur, wanda ya kwanta a gida alhali yana da iko ya bar wasu su yanke wa 'ya'yansa hukunci. Ka san sunan wakilinka, ka san abin da ya goya wa baya a majalisa, ka tambaye shi cikin ladabi. Kada ka yaɗa labarin da ba ka tantance ba, domin ƙarya abinci ce ga azzalumi. Mafi wuya kuma shi ne ka yi magana idan aka zalunci wanda ba ɗan jam'iyyarka ba, ba ɗan ƙabilarka ba, ba ma mai addininka ba. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Yawancinmu a nan muke faɗuwa: idan namu ne a sama sai mu yi gum, idan aka juya kanmu sai mu nemi wanda zai tsaya mana.

Ya Allah, kada ka ɗora mana wanda ba ya tsoronka kuma ba ya tausayinmu, ka ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya da hikimar faɗinta. Amin.