Su saiti suke nema, mu ƙara muke so

Mutanen Indiyana, jihar Amurka da nake zaune, ba su rasa bindigar zamani ba. Amma akwai waɗanda suka ajiye ta suka koma wa ta kakanninsu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda muke ce wa harba-ka-ruga. Ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1933 aka kafa ta, mazauninta wani ɗan ƙauye ne mai suna Friendship, kuma kowace shekara a watan Yuni da Satumba sukan cika shi maƙil don gasar harbi. Yawancinsu dattawa ne da suka yi harkar tun suna yara, sai aiki da iyali suka ɗauke musu hankali, da suka yi ritaya suka dawo.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne natsuwarsu. Mutum zai zuba albarushi a ɗan ma'auni na tagulla, daga nan ya juye a bakin bindiga. Ba ya taɓa zubawa kai tsaye daga ƙahon da yake ajiya, don idan akwai sauran garwashi a ciki, ƙahon ne zai tashi a hannunsa. Sai ya ɗora ɗan ƙyalle mai maiƙo, ya aza dunƙulen dalma, ya danna da sanda har sai ya ji ta zauna daram a kan albarushin. Idan ya ja kunama ba ta tashi ba, ba ya leƙawa. Yana riƙe da ita bakinta na kallon fili, ya jira. Duk wannan hidima saboda harbi ɗaya. Da yamma kuma ga wanki da ruwan zafi da sabulu, domin tokar albarushi tana jan laima, kwana kaɗan tsatsa ta ci ƙarfen.

Mu a Kano ba baƙi ba ne a wannan harka. Tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye masu bindiga a cikin masu tsaron sarki. Jikokin wannan tsari su ne muke gani ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, hayaƙi ya turnuƙe, warin farar wuta ya cika hanci, dawakai na zabura, yara sun toshe kunne amma sun ƙi matsawa. Bindigar nan ba dalma a cikinta, ba kuma abin da aka saita. Aikinta ta sanar cewa Sarki ya fito. Wanda tasa ta fi ƙara shi ne gwani.

To a nan gizo ke saƙar. Idan ƙara ce abin alfahari, hannu zai riƙa ƙara albarushi, ga bindigar kuwa sau da yawa maƙeri ne ya haɗa ta da bututun da ba wanda ya gwada ƙarfinsa. Duk wanda ya taso a cikin birni ya ji labarin bindigar da ta fashe ta tafi da yatsun mai ita. Mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ɗan ma'aunin tagullan can bai kai kuɗin kwalliyar doki ɗaya ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a buɗe filin harbi a Kano kowa ya sayi tasa ba. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar yawancin irin waɗannan bindigogi a matsayin kayan tarihi, shi ya sa sayensu ba wuya, kuma ban ga abin koyi a nan ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar toka a cikin waɗanda sai da lasisi, kuma da halin da Arewa ke ciki yau, gara a bar ta haka. Namu tsarin ma ya fi nasu ta wannan fuska: bindigar tana da shugaba, tana da ranar fitowa, tana da gidan da ake gadonta.

Abin da nake ƙyashi a wajensu shi ne komai a rubuce yake. Yawan albarushin da ya dace da kowane faɗin bututu, yadda ake gwada sabon ƙarfe kafin a ɗora shi a kafaɗa, gargaɗin cewa albarushin zamani mara hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, yana tarwatsa irin wannan bindiga. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai karanto maka su. Namu ilimin yana kan dattawa, kuma a 'yan shekarun nan da aka sha dakatar da hawa, samari ba su samu inda za su gani su koya ba.

A 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Idan za a kashe kuɗi a kan wannan suna, ni dai a fara da masu bindiga: a zauna da shugabanninsu da maƙeran da ke musu aiki, a tsayar da ma'auni, a duba kowace bindiga kafin Sallah, wadda ta gaji a kai ta gidan tarihi na Gidan Makama.