Ba duk tafiya ce mabuɗin ilimi ba

Da an gama ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, ka leƙa tashar mota a Maraɗi da asuba ka sha kallo. Samari ne daga Dakwaro, Mayahi, Gidan Runji da ƙauyukan Tasawa, kowa da ɗan buhunsa da bargo a kafaɗa. Wasu Kano suka nufa ta Ɗan Isa da Jibiya, wasu Legas, wasu Kwatano da Lome da Abijan, masu ƙarfin hali kuma sun kama hanyar Agadas, daga can sai Jado ko Libiya ko Aljeriya. Shi ya sa duk sa'ad da na ji wani mai babbar riga a ɗakin taro yana cewa matsalar ƴaƴan talakawanmu ita ce ba su fita sun ga duniya ba, sai dariya ta kama ni. Yawancin yaran nan sun ƙetare iyakoki fiye da shi mai maganar.

Sai dai maganar tasa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Akwai wani yaro a fadar samarin unguwarmu da ya yi shekara uku yana gadi a Legas. Wata rana muna shan shayi na tambaye shi abin da ya koyo game da yadda ake tafiyar da kamfanin da ya yi wa gadi: wa ke yanke shawara, yaya ake lissafin kuɗi, me ake yi in ma'aikata sun yi ƙorafi. Ya kalle ni ya ce, "Haba Malam, wa zai bar ni in shiga? Ai ni bakin ƙofa ne wurina." Shekara uku a birni mafi girma a wannan yanki na Afirka, amma abin da ya gani shi ne bayan motocin da ke shiga da gaban waɗanda ke fita. Ya dawo da babur da waya da juriya irin ta jaki, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma bai dawo da abin da zai sa ya tsaya gaban mutanen unguwa ya ce, ga yadda wasu suka magance irin matsalarmu ba.

A nan ne nake ganin bambancin. Mai ci-rani yana tafiya ne da kansa a sunkuye, tsoron ɗan sanda a gabansa, tunanin abin da zai aiko gida a bayansa. Tafiyar da ke gina jagora kuwa ita ce wadda ake tarbar mutum a matsayin baƙo, a ba shi kujera, ya yi tambaya a amsa masa, shi ma a tambaye shi labarin garinsu a saurara. Wannan kujerar ce ɗan talaka bai taɓa samu ba, kuma ita ce ya kamata mu saya masa.

Mu Maraɗawa bai dace a yi mana dogon wa'azi kan amfanin fita ba. Garin kansa ƙaura ce ta kafa shi, lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka baro birninsu bayan jihadi suka sauka bakin Gulbi. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja su ne suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi, kuma madugun ayari ba a gadon uwarsa ya koyi sulhunta mutane da karanta fuskar sarakunan hanya ba. Jami'ar garin nan tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi da ya yi karatun kimiyya a Faransa, har ya karɓi ragamar hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci a 1974. Su Diori Hamani da Bubu Hama duk sai da suka je makarantar William Ponty a Senegal kafin su zama abin da suka zama.

To yau wa ke samun irin wannan damar? Ɗauki shirin YALI da Barack Obama ya ƙaddamar a 2010, wanda daga 2014 ya fara kai matasan Afirka masu shekara 25 zuwa 35 jami'o'in Amurka su yi mako shida. Shiri ne mai kyau, kuma ƴan Nijar sun amfana da shi. Amma dubi ƙofarsa: sai mai jin Turanci, a ƙasar da karatun lakwal ke gudana da Faransanci, sai mai iya cike dogon fom a intanet, sai wanda ya riga ya yi wani aikin jagoranci da zai iya rubutawa ya burge mai tantancewa. Kusan duk shirye-shiryen irinsa haka suke. Wanda ya tsallake waɗannan shingaye, galibi ɗan ma'aikaci ne ko ɗan ɗan kasuwa, wanda ya yi makarantar kuɗi, wanda ko ba shirin ma wata rana zai hau jirgi. Ruwa ya zuba inda dama akwai danshi.

Sannan ga lissafin aljihu. Kuɗin neman bizar Turai ta Schengen ya koma Euro 90 tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai an rufe shi tun farkon 2024. Kafin ma a kai ga biza, akwai kilomita sama da 600 tsakanin Maraɗi da Yamai, akwai kuɗin fasfo, akwai masauki, akwai kuma yara da yawa a karkara waɗanda ko takardar haihuwa ba su da ita. Duk wanda ya ce ɗan talakan Maraɗi ya jira Amurka ko Turai ta buɗe masa ido, to ya ce masa ya jira gawon shanu.

Ni tafiyar da ta fi burge ni a tarihin ƙasar nan ba jirgi a cikinta. A 1989 wani aikin raya karkara da asusun IFAD, mai tallafa wa aikin noma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗauki nauyinsa a Ilela ta jihar Tawa ya kwashi manoma 13 ya kai su yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka tarar da manoma irinsu suna haƙa ƴan ramuka a fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta, suna zuba taki a ciki, suna shuka. Mutanen can suna kiran dabarar zai, kuma Yakuba Sawadogo na cikin waɗanda suka inganta ta. Mutanen Ilela sun san irin waɗannan ramuka, da suke kira tassa, tun kaka da kakanni, amma ƙanana suke haƙawa. Da suka dawo, wasu suka gwada irin ta Yatenga a ƴan gonaki kaɗan. Sai Allah ya kawo ƙarancin ruwa a daminar 1990, aka wayi gari gonakin tassa ne suka ba da amfani, na kusa da su suka ƙone. Gani ya kori ji. Cikin ƴan shekaru an farfaɗo da dubban kadada, har fakon da a da ko kyauta ba mai karɓa ya zama abin saye da sayarwa, kuma aka samu samari da suka mai da haƙar tassa sana'a.

Ka duba abin da ya sa wannan tafiya ta yi albarka. Waɗanda aka kai su ne masu matsalar, ba wakilansu ba. An kai su inda ƙasa da ruwan sama da talauci suka yi kama da nasu, don haka ba wanda ya iya cewa "ai su Turawa ne, ba irinmu ba". Kuma kowannensu yana da gonar da zai dawo ya gwada abin da ya gani, maƙwabta suna kallo. Ba a ba su takardar shaidar jagoranci ba, amma ƙauyuka sun bi su. In ba wannan ne shugabanci ba, a gaya mini sunansa.

Akwai kuma ɗaya gefen da ke yi mini ciwo. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su tofo a gona ana gyara musu rassa, a nan jihar Maraɗi ya yi ƙarfi tun wajen 1983, ya bazu bayan yunwar 1984 da tsofaffinmu ke kira El Buhari. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma baƙi suna zuwa har Ɗan Saga ta Agye su koya. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aikin tare da manomanmu, ya kai dabarar Habasha da wasu ƙasashe, ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da Sawadogo. Ya cancanta, ba na jayayya. Amma ƴaƴan manoman da suka riƙe wuƙa da gatari suka yi aikin, nawa ne daga cikinsu suka taɓa tsayawa a wata ƙasa suka bayyana shi da bakinsu? Yaron da aka gayyata ya koyar, ba ya dawowa kamar yadda ya tafi. Ranar da ya ga dattawan wata ƙasa suna rubuta abin da yake faɗa, ranar ce zai daina ɗaukar kansa a matsayin wanda ake taimaka wa kawai.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. A garin da gobarar azuzuwan zana ta cinye yara sama da 20 a watan Nuwamban 2021, wa zai buɗe baki ya ce a kashe kuɗi kan yawo? Gaskiya ne, gina aji na gaba da komai. Amma kuɗin motar da za ta kai matasa 20 Wagadugu ko Zariya ko Kumasi na mako biyu ba zai gina makaranta ba, kuma ba daga aljihu ɗaya ya kamata su fito ba. Za a kuma ce in an kai su ba za su dawo ba. Wanda aka kai Paris ko Washington yana iya sulalewa, an sha gani. Wanda aka kai Yatenga ko kasuwar Dawanau ta Kano ya ga yadda ake tara hatsi da riɗi a tura waje, ina zai gudu ya je? Damuwar da na fi yarda da ita ita ce ta girman kai: wasu sukan dawo da hotuna da sababbin kalmomi, su riƙa kallon iyayensu kamar ba su san komai ba. Maganin wannan yana wurin zaɓe. A zaɓi wanda dama yana riƙe da wani abu: shugaban fadar da ke yashe magudanar ruwa kafin damina, yarinyar da ke riƙe da littafin adashin mata, gardin da ke kula da ƙananan almajirai a tsangaya, sakataren ƙungiyar ƴan kabu-kabu. Kada Faransanci ya zama sharaɗi. Da Hausa kaɗai mutum zai yi hira a zangon Kumasi, a Garwa ta Kamaru, har a wasu unguwannin Sudan.

Batun ƴan mata shi ne mafi wuya, kuma ba zan yi kamar mai sauƙi ne ba. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin su cika 18, uban da zai bar ƴarsa ta kwana a wata ƙasa sai an ba shi hujja. A ba shi: ayari na mata zalla, da dattijuwar da ya sani a cikin tafiyar, da masaukin da za a faɗa masa sunan mai gidan. Iyayen da ke barin ƴaƴansu mata su tafi aikatau ba tare da sanin inda za su kwana ba, ba za su ƙi tafiya mai mutunci ba in an zo musu ta ƙofar da ta dace.

Wa zai biya? Ni dai idona na kan alhazan garin nan. Maraɗi ake kira cibiyar kasuwancin Nijar, kuma manyan ƴan kasuwarmu sun fi kowa sanin abin da Dubai da Gwanzu ta ƙasar Sin da Kwatano suka koya musu. Suna gina masallatai, suna biya wa mutane kujerar Makka, Allah ya saka musu. Alhaji, a cikin kowace shekara ware kuɗin motar yara biyar waɗanda ba danginka ba, ka haɗa su da abokan cinikinka na can su zagaya da su. Jami'a za ta iya shirya abin da za su duba da tambayoyin da za su yi. Ma'aikatar magajin gari ta taimaka da takardu, domin tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, ko da yake ana ci gaba da zirga-zirga, mai fita da cikakkun takardu ya fi kwanciyar hankali a kan iyaka.

Saura abin da muka fi gazawa a kai, wato ranar dawowa. Manoman Ilela suna da gona. Matashin da ya dawo da dabarar tara shara ko ta tafiyar da asusun ƙungiya, ina gonarsa? In ya je wurin mai unguwa aka ce "yaro, bari sai ka girma", in ya je ofis aka ce ya rubuto takarda ya jira, to an yi asarar kuɗin mota. Tun kafin a tashi ya kamata a san ranar da za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, a tara dattawa da mata da samari, wanda ya je ya ba da labari, a kuma ba shi ɗan wurin gwaji: layi ɗaya na unguwa, rijiya ɗaya, kadada ɗaya.

Ana ta shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Ran da jirgin ya fara aiki, samarin Mayahi da Dakwaro za su cika shi da buhunansu, wannan ba sai an shirya musu ba. Shi kuwa yaron nan na fadarmu ya ce mini da an kai hatsi gida zai koma Legas, an riƙe masa wurinsa a bakin ƙofa.