Ranar da kwamfutata ta kori ofishinmu

Ranar Litinin ce, ana jiran rahoton ƙarshen wata kafin azahar, ni kuma ina gida mura ta kayar da ni. Dokar ofishinmu, ba mai taɓa fayil daga waje sai ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga kwamfutocin ofis ta intanet. Shekara biyu ina danna manhajar OpenVPN, ɗan hotonta ya koma kore, ban taɓa tambayar yadda ake yi ba. Ranar nan sai ya maƙale a ruwan ɗorawa.

Na ɗora wa sabis laifi. Na ƙara data, na fito tsakar gida, har na hau tsani da waya a sama. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ganin wata kake yi da hantsi?"

Can sai gabana ya faɗi. Na taɓa jin cewa in za a sallami ma'aikaci, satifiket ɗinsa na shiga VPN ake fara sokewa. Na zauna ina lissafin wanda na ɓata wa rai, na kai mutum huɗu.

Da ƙyar na kira yaron da ke kula mana da kwamfutoci. Ya sa na karanto masa jan rubutun da manhajar ta nuna, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, duba ƙasa ta dama, yau nawa ga wata?"

1 ga Janairu, 2009.

Ya ce satifiket katin shaida ne da ofis ke sa wa hannu, akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, namu kwana 825 yake yi. Kuma ba ni kaɗai ke nuna kati a ƙofa ba, sabar ofis ma, wato babbar kwamfutar da nake haɗawa da ita, sai ta nuna wa kwamfutata nata. Kwamfutar ta duba agogonta, ta ga katin da sai bayan shekara goma sha za a buga shi, ta ce ba da ita ba. Ashe ba a kore ni ba, ita ce ta kori ofis ɗungurungum.

Duk ta'asar wani ɗan batir ce mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo in an kashe na'ura. Ya mutu ko sallama babu.

Na gyara kwanan wata da hannu, hoto ya yi kore, na tura rahoton da na adana tun da safe. Bayan la'asar oga ya kira, ya ce ya ga kwanan da ke jikin fayil ɗin, yana son sanin me na tsaya yi tun 2009 ban turo ba.