Bikin Hamada na Mali: taro ya riga dandamali

Tun kafin a kafa lasifika ko ɗaya a rairayin arewacin Mali, Abzinawa suna da tarukansu na shekara-shekara. Makiyayan da suka watsu neman ciyawa sukan haɗu, a sasanta rikicin rijiya, a ji labarin dangi, a yi tseren raƙuma, mata su zauna su buga tende, wato turmin da aka rufe bakinsa da fata. A yankin Kidal ana ce wa irin wannan taro Takubelt, a wajen Timbuktu kuwa Temakannit. Daga nan Bikin Hamada, wanda duniya ta sani da Festival au Désert, ya tsiro, kuma a ganina shi ya sa ya kafu da wuri. Ba a ofis aka ƙirƙiro shi sannan aka shiga neman 'yan kallo ba.

An fara shi a Janairun 2001 a Tin Essako, kusan shekara biyar bayan an ƙona makamai a Timbuktu a 1996 don shaida ƙarshen tawayen Abzinawa. Wasu daga cikin makaɗan Tinariwen, ƙungiyar kiɗa ta Abzinawa, da suka yi wasa a wurin sun taɓa riƙe bindiga a wancan tawaye. Zuwa 2003 biki ya koma Essakane, yamma da Timbuktu, ƙarƙashin jagorancin Manny Ansar. A shekarar makaɗin Mali Ali Farka Touré ya hau dandamali, haka ma mawaƙi Robert Plant daga Ingila.

Akwai masu cewa daga ranar da jita mai lantarki da Turawa masu kyamara suka shigo, gargajiya ta fita. Ban yarda ba. Ai kuntiginmu ma gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce ba namu ba ne. Matasan Abzinawa da harshensu na Tamashek suke waƙa, a kan gudun hijirarsu da farin da ya cinye musu dabbobi.

Raunin bikin a wani wuri yake. Da ya girma, sai ya dogara da baƙin da ke zuwa daga Turai, su kuwa baƙi ba sa zuwa inda ake satar mutane. A 2010 aka janyo shi daga tsakiyar rairayi zuwa bakin garin Timbuktu saboda tsaro. A Nuwamban 2011 aka sace 'yan yawon buɗe ido a cikin garin, aka kashe Bajamushe ɗaya. Duk da haka aka daure aka yi na Janairun 2012, har Bono, mawaƙin ƙungiyar U2, ya zo. Kwanaki kaɗan bayan an naɗe tantuna yaƙi ya ɓarke, ƙungiyoyin masu iƙirarin jihadi da suka kama arewa kuma suka haramta kiɗa.

Tun daga nan bikin bai koma mazauninsa ba. Masu shi sun mai da shi ayarin makaɗa, suna yawo da shi daga wannan gari zuwa wancan, ciki da wajen Mali.