Waya ba ta san kujerarka ta yi ƙura ba

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi sujada, na biya wajen wani ƙanena a Narayi. Sha ɗaya ta gota, yana kishingiɗe kan tabarma da singileti, waya a ƙirji, wani mai wa'azi yana ta zuba. Na ce, "Kai, yau ma ba ka je ba?" Ya ce, "Yaya, ai ga shi ina yi. Allah yana ko'ina. Nuna mini ayar da ta ce wanda bai je coci ba ɗan wuta ne."

Ban nuna masa ba, don babu ita. Zuwa majami'a ba ya ceton kowa. Afisawa 2:8-9 ta gama wannan magana: ceto alheri ne ta wurin bangaskiya, ba ladan aikinmu ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai taɓa zama a benci ba, amma aka yi masa alkawarin Firdausi. 'Yan'uwanmu Katolika sun ɗauki Lahadi farilla a koyarwarsu, wasunmu kuma ba mu kira ta da wannan suna. Amma kowa Ibraniyawa 10:24-25 yake karantawa, inda aka gargaɗe mu kada mu bar taruwa yadda wasu suka saba. Ashe tun zamanin manzanni akwai masu zamewa. Dalilin da aka bayar shi ne mu riƙa ƙarfafa juna. To wa kake ƙarfafawa daga kan tabarma?

Ku tuna da Toma, ɗaya daga cikin almajiran Yesu. A yammacin ranar da Yesu ya tashi daga matattu, almajirai suna ɗaki sun kulle ƙofa don tsoro, Ubangiji ya tsaya a tsakiyarsu. Toma ba ya nan. Taro ɗaya tak ya rasa, ya yi mako guda yana fama da shakka, abokansa na murna shi yana cewa sai ya ga gurbin ƙusa. Ubangiji kuwa bai bi shi gida ba. Sai da aka sake taruwa bayan kwana takwas, Toma na cikinsu, sannan ya nuna masa hannuwansa. Shi kansa Yesu, Luka 4:16 ta ce shiga majami'a ranar Asabar al'adarsa ce.

Yawancin wannan sanyin jiki daga kullen korona na 2020 muka kwaso shi. Larura ce ta sa muka koma Facebook da rediyo, larurar ta wuce, mu ba mu tashi ba. Waya za ta ba ka wa'azi, wani lokaci ma wanda ya fi na fastonku daɗi. Amma ba ta miƙa maka gurasar Jibin Ubangiji. Ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti, zumuntar mata ce za ta zo da kunu a fulas, ba mai wa'azin intanet ba.

Ba da marar lafiya nake ba, ko nas mai aikin dare, ko mutanen ƙauyukan da tsoron 'yan bindiga ya hana fita. Akwai kuma wanda kuɗin keke daga Gonin Gora da iyali biyar ya fi ƙarfinsa tun da fetur ya tashi a 2023, da wadda gulmar mawaƙa ta kora, da wadda aka yi wa kallon banza don zanenta ɗaya ne kullum. Waɗannan nauyinsu a kanmu yake, mu da muke zuwa. Wata uku kujerar mutum babu kowa, ba dattijo ɗaya da ya taka zuwa ƙofarsa, sai ranar haɗa kuɗin gini a tuna da lambarsa. Wannan abin kunya ne.

Ƙanena ya ce wa'azin fastonsu tsawo gare shi, barci yake sa shi. Na ce barci a coci ba yau aka fara ba, Aftikos ma, wani saurayi a Littafi Mai Tsarki, gyangyaɗi ya yi har ya faɗo daga hawa na uku manzo Bulus na wa'azi, amma dai a cikin taro ya faɗo, akwai masu ɗaga shi. Ya yi dariya. Na ce masa Lahadi zan biyo ƙarfe bakwai, kuɗin keke a wuyana, ya goge rigarsa tun Asabar.