Maki daban, goyon baya daban

Wani labari da na karanta ya ce makin da Human Rights Campaign, ƙungiyar da ke fafutukar kare 'yan luwaɗi da maɗigo a Amurka, ke ba 'yan majalisar Amurka kan haƙƙin masu auren jinsi shi ke nuna wanda za ta mara wa baya a zaɓe. Ni dai ban yarda ba. Ku tuna 2016: a zaɓen fidda gwani na takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, ƙungiyar ta zaɓi Hillary Clinton ta bar Sanata Bernie Sanders, alhali Sanders tun 1996 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin dokar DOMA, wadda ta hana gwamnatin tarayya amincewa da irin wannan aure, kuma Bill Clinton, mijin Hillary, shi ya sa wa dokar hannu lokacin yana shugaban ƙasa. Ita Hillary sai a 2013 ta fito fili ta goyi bayan auren jinsi. Lissafi aka yi na wanda ake ganin zai kai labari, ba tarihin ƙuri'a aka bi ba. Wani ɗan'uwa ma ya rubuta cewa makin ya ishi mai zaɓe, to in haka ne, me ya sa ƙungiyar da ta bayar da makin ita kanta ba ta bi shi ba?