Rance da bitar kwana uku ba za su girmar da kamfani ba

Ranar 27 ga watan Yuni ta sake zuwa ta wuce, wato ranar da Majalisar Dinkin Duniya ta ware tun 2017 don kanana da matsakaitan sana'o'i, kuma kamar yadda aka saba manya sun hau mumbari sun maimaita mana karatun bara. Wai babbar matsalar masu sana'a a kasashe masu tasowa ita ce rashin jari, don haka za a bude sabon asusu, za a raba rance, za a tara mutane a otal a yi musu bitar kwana uku a ba kowa satifiket ya tafi gida. Wallahi abin nan ya ishe ni. An bar jaki ana ta dukan taiki, shekara da shekaru.

Wannan waka ta rance ai ba yau aka fara ta ba. Tun da Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen a Bangladesh suka ci kyautar Nobel a 2006 duniya ta dauka an gano maganin talauci, kowa ya koma raba kananan basussuka. Shekara hudu kacal bayan nan, a 2010, harkar ta dagule a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, bashi ya yi wa talakawa katutu har sai da gwamnatin jihar ta sa baki da doka. A 2015 kuma aka fitar da sakamakon bincike guda shida da aka yi a Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, duk bakinsu ya zo daya: rancen yana dan taimakawa, amma bai sauya rayuwar yawancin wadanda suka karba ba. To me ya sa har yanzu shi ne abin da ake fara ambata a duk taro? Saboda rabon kudi yana da saukin daukar hoto, kuma akwai adadin da za a rubuta a rahoto.

Ni abin da idona ya gani daban ne. Na taba zama da wani mai karamin kamfani, ma'aikatansa goma sha biyu, ya ce in duba masa lissafi don yana son neman rance. Da na ce ya kawo littafi sai ya jawo durowa, rasidai ne cunkushe wasu ma tawadar ta goge, kudin ciniki da kudin gida duk a aljihu daya suke, ya biya kudin makarantar yara daga nan, ya sayo kayan aiki daga nan, kuma da na tambaye shi ribar watan jiya nawa ce sai ya yi shiru ya ce shi dai ya san ana samu. Makullin sito a jikinsa yake kwana. Ranar da ya yi tafiya ma'aikata sai su zauna suna hira don babu mai ikon fito da kaya. Mutumin nan ba malalaci ba ne, ya fi kowa zuwa da wuri ya fi kowa tashi a makare, amma ka ba shi rance a wannan hali ka zuba ruwa a kwando ne, kuma ka bar shi da bashi a wuya.

Kada wani ya ce ai wannan labarin mutum daya ne. Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gwada abin a masakun da ke kusa da Mumbai, suka wallafa sakamakon a 2013. Wadannan fa manyan masaku ne masu daruruwan ma'aikata, amma da aka shiga sai aka tarar da zare jibge a sito babu lakabi wani har ya lalace, injina babu mai duba su sai sun tsaya, babu mai rubuta inda yadi ke samun aibi balle a san dalili. Ba a ba su ko kwabo ba. Kwararru aka tura suka zauna da su na 'yan watanni a cikin masakar, suka koya musu abubuwan da kowa zai ce ai wannan sananne ne, a kirga kaya, a rubuta aibi kullum, a gyara inji kafin ya mutu. Cikin shekara daya ingancin aikinsu, wato abin da suke samarwa idan aka auna da abin da suke zubawa, ya karu da kashi 17 cikin dari.

Abin da ya fi tsaya min a rai a binciken nan shi ne maganar amana. Masu masakun ba sa yarda su mika ragamar aiki ga wanda ba dan uwansu ba, har ta kai yawan masakun da mutum ke da su yana tafiya ne da yawan 'yan uwa maza da yake da su. Kuma ba za ka ga laifinsu sosai ba, idan manaja ya cuce ka ka kai kara kotu sai ka shekara nawa kana zarya, ga shi ba ka da rubutaccen lissafin da zai nuna maka an yi satar ma tun farko. Sai kamfani ya tsaya iya inda idon mai shi ke kaiwa. Shi ya sa masana suka gano cewa a Amurka masana'antar da ta shekara 40 tana da ma'aikata fiye da ninki bakwai na wadda ba ta wuce shekara biyar ba, a Meziko kuwa ninki biyu ne kawai. Kamfanonin suna tsufa ba sa girma, kuma ranar da mai shi ya rasu galibi ranar ce aka rufe kofa.

Na san za a ce min ai wutar lantarki ce matsala, haraji ne, cin hanci ne, hanyoyi ne. Duk gaskiya ne, amma kamfanoni biyu a layi daya da ake dauke musu wuta lokaci daya, daya yana bude reshe dayan yana sallamar ma'aikata, sai a fada min wace wutar ce ta bambanta su. Masu cewa mai daki shi ya san inda yake masa yoyo, a bar dan kasuwa ya san sana'arsa, su ma su je su tambayi masu masakun nan da suka rantse kayansu ba su da matsala har sai da aka nuna musu a rubuce.

Ita ma bitar da ake yi yanzu bata lokaci ce, in fadi gaskiya. A Lome babban birnin Togo an raba masu kananan sana'o'i 1,500 gida uku, wasu aka ba su irin darasin kasuwanci da aka saba, wasu aka koya musu yadda mutum zai rika hango matsala ya tashi ya nemo mafita da kansa, sauran ba a ba su komai ba. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta karu da kashi 30 cikin dari, na darasin da aka saba kuwa karin bai kai yadda za a kafa hujja da shi ba. Amma har gobe wancan tsohon darasin ake ta maimaitawa, wanda bai taba biyan albashin ko mutum daya ba ya tsaya gaban allo yana koya wa wadda ta shekara ashirin tana sana'a yadda ake kasuwanci, a ci abinci a raba kudin mota a watse.

Idan da gaske ake, a cire wani kaso daga kudin da ake warewa rance a dauki akantoci da tsofaffin manajojin masana'antu a tura su cikin kamfanonin su zauna watanni, a inda ake aikin. Banki kuma kada ya ba kowa rance sai ya ga littafin wata shida ko da da biro aka rubuta shi. Kotunan kasuwanci su rika yanke hukunci cikin watanni, don mai kamfani ya samu kwarin gwiwar mika wa bare makullin sito ya je ya bude reshe na biyu.